Shekara biyar kana taifin, ina gafakarka?

Maƙalar wannan mako ta faɗo kanmu, kuma tun daga farko muna neman afuwa, domin za mu taɓa inda yake yi mana ciwo gaba ɗaya.

A watan jiya wata 'yar ƙungiyarmu ta samu labarin ana neman marubuta da za su yi aikin tsara labarin wasan kwaikwayo mai dogon zango. Abin da aka nema bai taka kara ya karya ba: ta turo samfurin rubutunta guda uku, da taƙaitaccen bayanin abin da ta taɓa yi. Wannan baiwar Allah shekararta biyar tana rubutu a yanar gizo. Littafinta bakwai, mun karanta su, wasunmu har kuka sun yi a kan na huɗun. Amma da ta tashi haɗa samfuri sai ido ya raina fata. Biyu sun tafi da wayar da aka ƙwace mata a cikin adaidaita sahu. Ɗaya yana wani zauren WhatsApp da aka rushe bayan faɗan admin da admin. Ɗaya ta same shi yana yawo a matsayin dokumen, an cire sunanta an sa na wata. Ƙarshenta sai ga ta tana bin masoyanta ɗaya bayan ɗaya tana roƙo, "Don Allah Anti ko kina da shafi na 20 zuwa na 35?" Kafin ta harhaɗa, wa'adi ya wuce.

Kowa a zaure ya yi mata jaje. An yi ta Allah ya isa ga ɓarawon waya, an tsine wa masu satar fasaha. Duk daidai ne. Amma babu wanda ya faɗi abin da ya kamata a faɗa, saboda kowa ya san in ya faɗa kansa ya daɓa wa wuƙa: laifin farko namu ne. Mun mai da rubutu kamar tuwon biki, a tuƙa, a raba, a wanke tukunya. Muna koyo kullum a waɗannan zauruka, koyo na gaske, amma ba mu da wurin da muke ajiye abin da muka koya, kuma ba mu da abin da za mu nuna wa wani mu ce ga inda muka faro, ga inda muka iso.

Abin da muke kira a kai shi ne kowane marubuci ya mallaki gafaka. Turawa fotfoliyo suke ce mata, masu zanen gine-gine da masu ɗaukar hoto da teloli na zamani duk sun san ta. Mu mun fi son sunan da kakanninmu suka sani, jakar fatar nan da malami ke adana littattafansa a ciki. Gafakar marubucin yau wuri ne guda a intanet, wanda makullinsa ke hannunka, inda aikinka yake a jere da kwanan wata. Kuma kada a fahimce mu a baibai. Tarin littattafan da ka kammala kaɗai bai zama gafaka ba, wannan shago ne. Gafaka ta haɗa da zubin farko na labari, da gyaran da wani ya yi maka a kai, da zubi na biyu bayan gyaran, da 'yan layuka da ka rubuta wa kanka kan abin da ka canza da dalilin canzawar. Waɗannan 'yan layukan su ne ran abin.

Mun san akwai masu cewa wannan wani sabon iyayi ne da 'yan boko suka kwaso. To su koma Sakkwato da Gwandu su tambaya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna takanas ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu, har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Babu jami'ar da ta ba shi takarda. A zaure ya yi karatu, kamar yadda mu ma a zaure muke namu, sai dai namu zauren a cikin waya yake. Bambancinmu da shi, ya rubuta hanyar da ya bi, shi ya sa bayan shekara 200 ake iya bin sawunsa. Nana Asma'u ta rasu a 1864, ta bar rubuce-rubuce da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta koyar da matan karkara ta hannun jajis na 'yan taru ba tare da aji ko allon bango ba. Da ba a adana takardunta a gidan Waziri ba, da Jean Boyd ba ta samu abin da za ta zauna ta nazarta a wurin Waziri Junaidu ba, da kundin ayyukanta da ita da Beverly Mack suka fitar a 1997 bai samu ba. Mutanen da ke rubutu da alƙalamin kara da tawadar da suka dafa da hannunsu sun iya ajiya. Mu da ke da waya mai ɗaukar littafi dubu, sai mu ce ba mu da wuri.

Amsar da aka fi ba mu ita ce, "Ai komai nawa yana Facebook," ko "Ai yana Wattpad." Gidan haya ne, 'yan uwa, kuma mai gida ba ya shawara da ɗan haya ranar da zai rushe. Ba mu ne farkon Hausawan da suka buɗe zauren adabi a intanet ba. Tun farkon shekarun 2000 akwai zauren Marubuta da na Finafinan Hausa a Yahoo Groups, inda irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi ta tafka muhawara da marubuta da 'yan fim shekara da shekaru. A ƙarshen 2019 kamfanin ya sanar da share abin da aka tara a zaurukan, a Disambar 2020 ya rufe su ɗungurungum. Wanda ya kwafe nasa ya tsira da shi, wanda bai kwafe ba sai labari. Google+ ya mutu a 2019. Facebook ya daina barin a rubuta Notes a 2020, alhali a can wasu yayyenmu suka zuba waƙoƙinsu na farko. Na kusa-kusan nan wanda ya fi taɓa mu shi ne OkadaBooks, da ya rufe a ƙarshen Nuwambar 2023 bayan shekara goma yana aiki, kuma kowa a nan ya san marubuciyar da ta dogara da shi. Ba zarginsu muke yi ba, kasuwa ce, in ta ƙi dole a naɗe tabarma. Ko ba a rufe ba ma, mun ga yadda aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mun ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021. Duk wanda ya ga waɗannan da idonsa, ya ci gaba da ajiye kwafi ɗaya tak na littafinsa a shafin wani, ba ƙaddara ce ta same shi ba.

Amma a ajiye maganar ɓata a gefe, domin ko da babu abin da ke ɓata, da sauran magana, kuma ita ce ta fi damun mu.

Ku duba yadda muke koyo. Yarinya ta saki shafi na farko da daddare. Kafin safiya sharhi 60 ya sauka. Hamsin da biyar daga ciki "Allah ya ƙara basira" ne da "muna jiran ci gaba" da hoton wuta da zuciya. Uku faɗa ne kan ko jarumin ya kyauta ko bai kyauta ba. Biyu ne kacal gyara na gaske: wata ta ce mata "ya ce" kalma biyu ce ba "yace" ba, wani ya nuna mata cewa a shafi na 3 ta ce mahaifin jarumar ya rasu, a shafi na 9 kuma ga shi yana karyawa. Ta ce na gode, har da addu'a. Zuwa azahar saƙo 400 ya binne gyaran. Bayan wata shida, a sabon littafi, "yace" na nan daram. Wata ta sake gyarawa, ta sake godiya. Mun ga marubucin da aka yi wa gyaran "ɗaki" da "daki", "ƙafa" da "kafa", "ɓata" da "bata" a littafi huɗu a jere, alhali allon rubutun Hausa mai ƙugiya kyauta yake a Gboard. Ba daƙiƙanci ba ne. Gyaran ne ba ya samun wurin zama. Zauren WhatsApp kogi ne, abin da ka jefa da safe ba za ka same shi da yamma ba, kuma wanda ya shigo bana ba shi da hanyar ganin darasin da aka yi bara. Shi ya sa duk bayan wata uku sai an sake muhawarar raba kalma da haɗe kalma daga tushe, kamar ba a taɓa yi ba.

Da wannan yarinya tana da takarda guda a gafakarta mai suna "Gyaran da aka yi mini", tana kwafe kowane gyara da kwanan wata da sunan wanda ya yi shi, ta riƙa buɗewa kafin ta saki sabon shafi, da a wata uku ta wuce inda wasu suka shekara uku ba su kai ba. Ba wani sihiri a ciki. Mu da muka bi ta kwalejin kimiyya da fasaha mun san logbuk ɗin SIWES: wata huɗu kana zuwa wurin aiki, kullum ka rubuta abin da ka yi, ƙarshen mako mai kula da kai ya duba ya sa hannu. Mun kuma san yadda da yawanmu suka yi da shi, wato a bar shi fari fat sai ana saura kwana uku a miƙa, a zauna a ƙirƙiro aikin wata huɗu a dare biyu. Waɗanda suka yi haka sun samu maki. Waɗanda suka cike shi a kan kari su ne har yau in an tambaye su yadda ake kaza sai su tuna ranar da suka yi shi da kuskuren da suka tafka. Gafakar da aka haɗa a daren da ake neman aiki, logbuk ɗin dare biyu ce.

Yanzu bari mu zo kan masu satifiket. Kusan kowane wata sai an yi tallar ajin koyon rubutu na mako biyu a WhatsApp, a biya kuɗi kaza, a ƙarshe a ba ka takardar shaida mai zanen zinare a gefe da hoton alƙalami. Ba mu ce duka na banza ba ne, akwai masu koyarwa tsakani da Allah, kuma wasunmu sun amfana. Amma takardar me take shaidawa? Cewa ka biya, kuma ba a cire ka daga zauren ba har aka gama. Haka lambobin yabon da ake rabawa ta hanyar ƙuri'a, inda wanda ya fi yawan dangi da data shi ne gwarzon marubucin shekara. Muna tara waɗannan hotuna muna liƙawa a status, awa 24 su ɓace, mu ji kamar mun ci gaba. Edita ko furodusa da ya san aikinsa ba zai kalle su ba. Cewa zai yi turo in gani. Gasar Hikayata da BBC Hausa ke shirya wa mata tun 2016 ba ta tambayar satifiket, labari take karɓa. Gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar ma rubutun aka karanta. Ko hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aikinta ke nan takardu, ta amince da tsarin auna gwanintar mai sana'ar da ya koya a wajen makaranta, irin makanikai da maƙeran Panteka, ta hanyar duba aikin da hannunsa ya yi. In mai walda zai iya tara shaidar aikinsa, mu da sana'armu ita ce rubutawa ba mu da bakin magana.

Akwai ƙorafe-ƙorafe da muka sha ji, kuma ba duka za mu yi watsi da su ba.

Na farko tsoron sata. Ana cewa in na tara komai wuri guda ai na sauƙaƙa wa ɓarawo. Gaskiya ita ce ɓarawo bai taɓa shan wahala ba. Littafin kuɗin da kika ce kada a fitar, kafin ki gama rubuta gargaɗin an tura shi zaure bakwai, bayan mako guda wani yana karanta shi a YouTube yana cin kuɗin talla. Gafaka ba za ta hana wannan ba, kada mu yaudari kanmu. Abin da za ta ba ki shi ne hujja. Google Docs yana ajiye tarihin kowane gyara da ranarsa da lokacinsa. Saƙon imel da kika tura wa kanki da littafin a maƙale yana ɗauke da kwanan wata. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta ce sai kin yi rajista kafin aiki ya zama naki ba, da zarar kin rubuta shi naki ne, kuma ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Amma ranar da kuka tsaya ke da wadda ta cire sunanki, kowa na rantsuwa, wadda ta fito da zubin farko mai kwanan watan shekara biyu baya ita ce mai littafi. Kuma babu wanda ya ce ki buɗe wa duniya komai. Gafaka ɗaki biyu gare ta: falo, inda baƙo ke ganin zaɓaɓɓun ayyuka biyar ko shida, da ƙurya, inda sauran suke, ba mai shiga sai wanda kika ba hanya.

Wannan ya amsa rabin ƙorafi na biyu, na 'yan uwanmu mata da ke rubutu da sunan aro saboda gida ko miji ko surutun dangi. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma duk namijin da ya raina ta bai san abin da ake ciki ba. Gafaka ba ta buƙatar hotonki ko sunan unguwarku. Ki buɗe ta da sunan alƙalaminki da imel na daban. Sai dai ki tsaya a kan suna ɗaya. Marubuciyar da ke canza inkiya duk littafi, ita da kanta take yayyaga tarihinta.

Maganar data kuwa, a yi mana haƙuri, ba mu karɓa ba. Littafi mai kalma 100,000 in rubutu ne zalla bai cika megabait ɗaya ba. Bidiyon barkwanci guda da muke kallo kafin barci ya fi shi cin data. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, Blogger da WordPress kyauta ne. Abin lura kawai, su ma gidan haya ne, Google ma ya ce yana iya share asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba. Don haka kwafi biyu a wuri biyu, na uku a memori ko filashi a cikin durowa. Kuma don Allah a rubuta kalmar sirri a takarda, kada a ɗaura komai a kan layin waya guda, mun ga yadda aka rufe layuka a kan maganar NIN mutane suka rasa hanyar shiga asusunsu.

Ƙorafin da ba a faɗa da baki shi ne ya fi ƙarfi: kunya. Ba ma son a ga rubutunmu na farko. Da zarar mutum ya ɗan yi suna sai ya bi tsofaffin labaransa yana gogewa, don kada a ga lokacin da jarumarsa ke da mota goma sha biyu da idanu kamar madara, tana magana rabi Hausa rabi Turancin da bai nuna ba. Wannan gogewar cuta ce ga na baya. Ƙanwarmu da ta shigo jiya tana ganin gwanaye kamar da gwanintarsu aka haife su, ta kalli nata ta ce ita ba ta da baiwa, ta ajiye. Da za ta ga shafin farko na wadda take kira gwanarta, da jan layin da aka yi masa, da yadda aka sake shi sau uku, da ta gane cewa hanya ce ake bi. Darasi guda irin wannan ya fi lacca goma a kan "yadda ake gina jarumi". Kuma manyanmu na ƙungiyoyi, da ke yawan cewa marubutan onlayin ba su san ƙa'ida ba, muna roƙonsu da girmamawa su fara buɗe tasu gafakar. Zamanin Raina Kama, lokacin da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ke fitowa, su ma an kira rubutunsu adabin kasuwar Kano da niyyar raini. Kuma da aka tashi tattara sunayen littattafan wancan zamani a kundi guda, Graham Furniss na jami'ar SOAS da ke Landan ne da Malami Buba da William Burgess suka yi, aka buga a 2004. Waɗancan ko banza takarda ce, ana iya tsintar ta a kasuwa a saya a adana. Namu da ke cikin waya, wa zai tsinta, a ina?

Wani zai ce gafaka ma ana iya cika ta da ƙarya, musamman yanzu da manhajar ƙirƙirarriyar basira ke zubo labari a minti ɗaya. Haka ne, ana iya yi. Amma ƙirƙiro labari guda mai santsi abu ne mai sauƙi, ƙirƙiro shekara biyu ta zubi da gyara da sake zubi, da sunayen 'yan zauren da suka yi gyaran waɗanda suna raye ana iya tambayarsu, wannan ya fi rubuta littafin wahala. Nan gaba kaɗan, da an fara zargin kowa da kowa, mai tarihin gyara ne kaɗai zai iya kare kansa.

Ga abin da muke nema daga shugabannin wannan zaure, kuma muna so a yi muhawara a kai, wanda bai yarda ba ya fito ya faɗi dalilinsa. Daga wata mai kamawa, duk wanda ya kawo labari a yi masa gyara, ya dawo bayan mako biyu da zubi na biyu da layi biyar kan abin da ya canza. Wanda bai dawo ba, kada a karɓi sabon labarinsa. Masu gyara su ma su daina "ya yi daɗi, a ci gaba", su nuna shafi da layi. A buɗe takarda guda ta ƙungiya inda kowa zai sa adireshin falon gafakarsa, sabon shiga ya san inda zai fara. Mu biyar da muka tattauna wannan kafin a rubuta shi mun riga mun buɗe namu, da labaranmu na farko a ciki yadda suke, ba mu gyara ko wasali ba. Ranar Asabar bayan sallar isha'i za mu zauna awa ɗaya mu nuna wa duk mai so yadda ake buɗe folda da yadda ake ba da izinin karatu ba tare da izinin gyara ba, da wayar hannu kawai. Ita kuma 'yar uwarmu da muka faro da labarinta, har yanzu shafi na 28 zuwa na 31 na littafinta na biyu ba su samu ba. Duk wanda ke da su a tsohuwar waya ya taimaka ya tura wa admin.